Bakin Zarto

Ɗiyata Hurera ta shigo da ganyen bedi a tafin hannu,
wai malamarsu ta ce kowa ya zo da sunan gefensa.
Na juya shi, na sake juyawa.
Ba kaifi ba ne, kaifi hanya ɗaya yake bi.
Ba giɓi ba, giɓi asara ce, wani ya faɗi ya bar gurbi.
Ba wushirya ba, ita ƙofa guda ce a tsakiyar dariya.
Kalmar ta zo bakina ta tsaya.
Na ce, sa takalminki, mu je wurin kakanki.

Rumfarsa na nan bayan Ƙofar Marusa,
kwano uku a sama, garin katako har idon sawu.
Abashe kafinta, shekara arba'in da bakwai a kan benci guda.
Mun tarar ya matse zarto tsakanin gwiwoyi,
magagari na kuka, ƙiii, ƙiii,
haƙori bayan haƙori, ba ya tsallake ko ɗaya.

Ya karɓi ganyen, ya ɗaga shi ga rana.
"Wannan kuka hawo babur dominsa?
Bakin zarto ne."
Ya ci gaba da aikinsa.

Hurera ba ta barin magana a ƙasa.
Ta ce, ai ganye ba ya yanka komai.
Ya ce, ba sai ya yanka ba, kama ce ake faɗi.
Je ki duba ƙafar fara kafin ki jefa ta baki,
duba hannun goriba, duba marfin kwalbar lemo,
da kan sarkin da ubanki ke liƙawa
sa'ad da yake rubuto mani wasiƙar neman kuɗi.
Duk bakin zarto ne.
Har Lantana mai waina, in ta buɗe baki a kan bashi.

Sai ya kwantar da ƙarfen, ya ce ta runtse ido ɗaya.
"Kin gani? Wannan ya karkata gabas, na bayansa yamma.
Ni nake lanƙwasa su haka, da gangan.
Ranar da suka kalli wuri guda
katako zai cije, ba gaba ba baya.
Wanda kuma ya yi sumul, ya gama.
Sai a yanke shi a yi wa mai aski ƙaramar wuƙa."

Ta rubuta a littafinta, kalma biyu.
Malamar ta ja mata jan layi,
ta ce na cikin littafin Turanci take so.

Damina biyu bayan nan
muka kwana a asibiti, ni da ita, a kan tabarma.
An manna masa wayoyi a ƙirji,
hannun da ke riƙe magagari ya kwanta a buɗe,
har yanzu da baƙin ƙarfe a ƙarƙashin farce.
A saman kansa wani ɗan akwati
yana zana kore, hawa da sauka, hawa da sauka.
Likita ya faɗi sunan abin, ban riƙe ba.

Can wajen asalatu ta taɓa ni.
Ba ta yi barci ba, ashe ƙirga take yi.
Ta nuna da haɓa, ta ce a hankali,
"Baba, bakin zarto.
Bai yi sumul ba."

Bai yi ba, a wannan daren.
Ya tashi ya nemi koko, ya yi faɗa an cika sukari,
ya tambaya wa ya bar rumfa a buɗe.

Yanzu in na bi ta ƙarƙashin bedi
nakan tsinki ganye ɗaya, in bi gefensa da babban yatsa
har in kai gida.